Askin da Ciyaman Bai Ƙarasa Ba

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar Ciyaman ya san tarihin lardin nan, ko yana so ko ba ya so. Ciyaman mai aski ne. Bai taɓa shugabantar ko kwamitin yashe lambatu ba. 'Yan unguwa ne suka liƙa masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ta kai in ka kira shi da sunansa na ainihi sai ya waiga ya ga da wa ake.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne a jikin gidansa, ƙofar tana kallon babban titi. A ciki akwai kujera mai juyawa wadda ta daɗe da daina juyawa, da bencin masu jira, da madubin da gefensa ya fara tsatsa, da rediyon da ba a kunnawa, don mai shagon ba ya son murya biyu a ɗaki ɗaya. A bakin ƙofa, daf da lambatu, akwai wani guntun turken siminti da ya tarar tun ranar da ya sayi filin. A kansa yake ɗora bokitin ruwa. Bayan gidan kuma rafi ne da gada, sai tsohon gari a tsallake, inda ofishin gunduma yake.

Sauran masu aski sukan fara ta ƙeya su haura, ko ta goshi su gangara. Ciyaman da darasi yake farawa. Sai ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, ya dafa tsakar kanka da tafin hannu kamar mai zaɓen kankana, ya ce:

"Ka ga kan nan naka? To haka lardin nan yake a zamanin kakanninmu, a dunƙule. Ofis ɗaya, alƙali ɗaya. In aka sace maka akuya, kafin ka isa inda za ka kai ƙara ɓarawon ya cinye naman ya sayar da fatar."

Sai ya kunna inji ya ja layi daga goshi har ƙeya. "Jirgin ƙasa ya zo ke nan. Aka ce na arewa da dogo gunduma guda, na kudu gunduma guda." Ya sake jan wani daga kunne zuwa kunne. "Shekarar fari. Hatsin agaji yana ruɓewa a sito, mutanen ƙauye suna kwana da yunwa, aka ce nisa ne ya jawo. Aka mayar da su huɗu." Daga nan sai ya yi ta tsagawa. Hanyar mota ta zo, an ƙara biyu. Kasuwar wani gari ta bunƙasa, an ɗauke hedkwata daga nan an kai can. Garin da aka ɗauke wa ya yi fushi, an lallashe shi da tasa gundumar. Kowace ya ambata sai ya faɗi hedkwatarta da dalilin yanka ta, sannan ya aske ta ƙwal. A ƙarshe yakan bar tsibiri biyu na gashi a bayan kunnen hagu, babba da ƙarami, da siririn layi a tsakaninsu.

"Babban nan mutanen tsallake ne. Ƙaramin nan mu ne. Layin nan rafi. Muna zaune da gundumarmu lafiya lau, wata gwamnati ta zo ta ce ofisoshi sun yi yawa, ta haɗe mu da su." A nan yakan ɗan rikice, don gashin da aka aske ba ya komawa, sai ya danne layin da babban yatsa ya ce a ɗauka ya haɗe. "Aka ce na ɗan lokaci ne. Ina goye aka yi wannan magana. Dubi gemuna yanzu."

Ba a yi masa musu. Mutumin da ya ɗora maka aska a maƙogwaro, ko cewa ya yi shi ya shimfiɗa dogon da hannunsa, "haka ne, Ciyaman" za ka ce.

Kuma a yi masa adalci, ba duk maganarsa ce iska ba. Asibiti yana tsallake, makarantar sakandare tana tsallake, fitilun titi a bakin gada suke ƙarewa. Motar shara takan shigo unguwarsu ne in ta ɓata hanya. Duk damina lambatun gaban shagonsa sai ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shigo har ƙarƙashin kujera, shi da matarsa su yi ta kwarfewa, yana kwarfewa yana tsine wa mutanen tsallake. Matar takan ce, "Baban yara, ruwan nan fa kamar gidansu yake dawowa." Ya ce ta bar maganar da ba ta sani ba, sakacin gunduma ne.

Mutumin kirki ne in ya rufe baki, matsalar dai bai cika rufewa ba. Shi ya riƙe ƙanensa bayan rasuwar mahaifinsu, lokacin yana saurayi, ko kujera bai mallaka ba, a gindin bishiya yake aski. Auta ake ce wa ƙanen, kuma sunan ya bi shi har girma. Da askin kawunan mutane Ciyaman ya sa shi a makaranta. Da Auta ya sami aikin masinja a ofishin gunduma ya koma tsallake da zama, Ciyaman ne ya ɗora katifarsa a ka ya haye gada da ita. Tun Auta yana ɗan mitsitsi babu hannun da ya taɓa kansa sai na yayansa. Duk ƙarshen mako zai zo ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, a zana masa lardi a ka yana murmushi, ba ya cewa uffan. Shi dama ba mai magana ba ne. Da alama duk rabon maganar gidansu yayan ne ya kwashe.

Abin ya lalace ne lokacin da zancen ƙirƙiro sababbin gundumomi ya taso gadan-gadan, shagon ya koma majalisa. Wata rana benci ya cika, wasu suna tsaye a ƙofa. Har Tela na hayin titi ya bar kekensa ya tsallako, mutumin da in ya ga wuta tana ci, fetur yake nema. Auta yana kan kujera, an aske ko'ina, saura tsibiran nan biyu. Ciyaman ya ɗau zafi, yana cewa duk wanda ke kwana a tsallake cima-zaune ne, da gumin wannan unguwa aka gina musu komai.

Auta, wanda bai taɓa sa baki ba, ya ce a hankali, "Yaya, ai can ma akwai talakawa. Layinmu rabonmu da ruwan famfo tun bara."

Tela ya yi caraf ya ce, "Ka ji ɗan gwamnati! Ciyaman, ashe a gidanka ka yi kiwon ɗan leƙen asiri?"

Aka kwashe da dariya, kuma dariyar nan ce ta hau kan Ciyaman. Ya sa aska ya share ƙaramin tsibirin tas, ya bar babban yana tsaye a bayan kunnen Auta, ya kwance ƙyallen ya karkaɗe.

"Na aske namu. Wannan naku ne. Je ka gundumarku ta ƙarasa maka, tunda ita ke ciyar da kai."

Shagon ya kaure da shewa, har da masu dukan benci. Auta ya dubi kansa a madubi, magidanci mai 'ya'ya, da tukkun gashi a bayan kunne. Ya sa hularsa, ya ja ta sosai ta gefen hagu, ya ce, "Na gode, Yaya," ya fita.

Ciyaman ya ɗauka mako mai zuwa zai dawo a yi dariyar abin tare. Bai dawo ba. Mako ya zama wata, wata ya zama shekaru. Sukan haɗu a sha'anin dangi, Auta ya rusuna ya gaishe shi yadda ya kamata, hula a ka, ya koma gefe. Abin yana cin Ciyaman a rai, amma da benci ya cika sai ya ce ai gyara ne ya yi, ƙane ba ya wuce gyara.

Fafutukar neman gunduma ta ja lokaci, a cikinta Ciyaman ya yi furfura. Ya rufe shago ya bi tawaga zuwa babban birnin lardi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a dawo da alkawari da ciwon baya. Daga ƙarshe gwamnati ta turo kwamiti. Aka taru a zauren makarantar firamare, manyan mutane suka takure a kujerun yara. Wa za a tsayar ya yi magana in ba Ciyaman ba? Ya tashi cikin rigarsa ta fita kunya, ya zayyano tarihin tun daga dunƙule har zuwa haɗewa, hannunsa yana ta zane a iska tunda ba a ba shi kai ba. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai tabarau, ta saurare shi har ya dire, sannan ta ce:

"Malam, mun ji. In an ba ku gundumar, ta ina kuke so iyaka ta bi?"

"Ranki ya daɗe, ba sabon abu muke roƙo ba. Iyakarmu ta asali. Inda kakanninmu suka bar ta, nan za a same ta."

"Ta asali sak? Ko dai a duba yadda gari ya zama yanzu?"

Ciyaman ya buga tebur. "Sak! Kada a ƙara taku ɗaya, kada a rage. Wanda ya faɗa tsallake ɗan tsallake ne, ko da ɗan'uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya!"

Zauren ya ɗauki tafi. Auta yana tsaye can baya, riƙe da jakar shugaban ofishinsu. Ciyaman ya gan shi sarai, ya kau da kai.

Ranar da aka sanar an ba su gundumar, Ciyaman da kansa ya kunna rediyon, ya yi wa kowa aski kyauta har hannunsa ya sage. Bayan 'yan watanni masu awo suka iso da sandunansu masu ja da fari da na'ura mai ƙafa uku. Ya fito da fara'a yana nuna musu hanyar bayan gida, wajen rafi. Ba su bi ba. Safiyon da ke jagorantar su ya yi ta bin lambatun titi yana duban ƙasa, har ya tsaya a ƙofar shago.

"Baba, sannu da aiki. Don Allah ɗan ɗauke mana bokitin nan."

Ya ɗauke. Safiyon ya zuba ruwa a kan turken ya goge da buroshi, sai ga lamba da kibiya sun fito.

"Yauwa, ga guda. Irinsu muke nema. Su ne tsohuwar iyaka."

"Wace iyaka kuma? Rafi ai yana bayan gida."

"Yanzu ba. Da can ta nan yake bi, ta inda titin nan yake. Lokacin da za a gina masaƙa ne aka karkatar da shi baya, aka cike nan aka yi titi. Mu dai an ce mu bi ta asali sak, kada mu ƙara taku ɗaya." Bai san da wa yake magana ba, yana faɗa ne yana duba na'urarsa. "Daga turken nan zuwa hayin titi sabuwar gunduma. Daga nan zuwa baya tsohuwa."

Ciyaman ya tsaya da bokiti a hannu. Tsakanin titi da rafi gini uku ne kacal: gidansa, da wani sito, da kangon da ba kowa a ciki. Unguwa gaba ɗaya ta shiga sabuwar gunduma, har da Tela. Shi da matarsa ne kaɗai masu numfashi da aka bari a tsallake. Kunya ta rufe shi tun daga ƙafa har ka, ya ji dama ƙasa ta tsage ya shige. Ya rasa inda zai ajiye bokitin, sai ya koma da shi ciki.

Ba a daɗe ba aka kafa allon ƙarfe a hayin titi, daidai saitin ƙofarsa, an rubuta barka da zuwa sabuwar gunduma da manyan baƙaƙe. Shagonsa allon yake kallo. Kullum ya buɗe shago sai a yi masa maraba kamar baƙo, in ya juya baya kuma ya gan shi a madubi. Tela kuwa ya sami abin yi. Da safe zai leƙo ya ɗaga murya, "Mutanen tsallake, ina kwananku! Yaya cima-zaune?" In Ciyaman ya tsallaka sayen sabulu, ya ce, "Ka taho da fasfo dai ko?" Ciyaman yakan yi yaƙe ya wuce.

Ranar buɗe sabon ofis aka ware masa kujera a sahun gaba, ya aika cewa zazzaɓi yake yi. Wasu masu tausayi suka zo suka ce a koma wurin kwamiti a roƙa a ɗan lanƙwasa layin, gida ɗaya ne, ba wanda zai ƙi. Ya ce su bari. Da wane bakin zai je? Zaure guda ya ji shi yana cewa kada a ƙara taku ɗaya.

Darasi ma ya mutu. Zai ɗaura wa mutum ƙyalle, ya dafa kansa, ya buɗe baki, sai ya rufe, ya fara ta ƙeya kamar kowa. Mutanen da suka shekara suna ƙorafin surutunsa suka fara cewa askin ya rasa armashi.

Amma ba tsokanar Tela ce ke hana shi cin abinci ba. Abin da ke dawo masa shi ne hannun Auta yana jan hula ta gefen hagu, da "na gode, Yaya." Ga shi yau ya wayi gari ɗan tsallake, bai ci gumin kowa ba, famfonsa ma ba ya kawo ruwa. Abin da Auta ya faɗa ke nan, shi kuma ya mayar da shi abin dariya a gaban mutane.

Wata rana matarsa tana shanya a tsakar gida ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Auta ya aiko a gaishe ka."

"Ya ji ke nan."

"Ya ji? Shi ya ɗauko taswirar iyakar daga mota ya kai ofis, tun kafin masu awo su zo. Matarsa ta ce ranar ko abinci bai ci ba."

"Dariya ce ta hana shi."

Ta juyo da rigar a hannu. "Baban yara, kai ka raini yaron nan. Ka taɓa ganin ya yi maka dariya?"

Da dariyar aka yi masa da ya fi samun sauƙi.

Lasisin shago ya ƙare, kuma a tsallake ake sabunta nasa, a ofishin da Auta ke zaune a bencin ƙofa. Ya yi wanka ya sa riga ya fita ta bayan gida. Ya kai tsakiyar gada, ya tsaya yana kallon ruwan da ya rantse a kansa shekara da shekaru, ruwan da ashe shi ma baƙo ne a wurin. Ya hango rufin ofishin. Ya juya gida, ya ce wa matarsa layi ya yi yawa. Tun daga ranar bai ƙara buɗe shagon ba.

Yakan dai shiga ya zauna, ƙofa a saye, yana sa wa inji mai. A haka wata hantsi ya ji sallama, muryar da ba ya bukatar ya ɗaga kai ya san ta wace ce. Auta ya turo ƙofar ya shigo, ya rusuna.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau. Ya iyali?"

"Suna gaishe ka. An ce ka rufe shago."

"Jiki ne."

"Allah ya sawwaƙe."

Ciyaman yana ta goge injin da ya riga ya goge. Ya tanadi maganganu da yawa don wannan rana, amma mutumin da ya tsaya gaban kwamiti ya zayyano tarihin lardi ba gargada ya kasa haɗa kalma biyu. Auta ya wuce shi, ya hau kujerar, ya gyara zama.

"Na zo a ƙarasa mini ne, Yaya. Ka ce in je gundumarmu ta ƙarasa. To na duba gundumar tamu kaf, kai ne mai askin da na sani a cikinta."

Ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

Rabon Ciyaman da ganin kan nan tun ranar. Ya san shi cike da gashi baƙi wuluk. Yanzu sanƙo ya cinye shi tun daga goshi har tsaka, duk inda yake jan layin dogo da na shekarar fari babu ko sili ɗaya. Abin da ya rage sai furfurar ƙeya da ta bayan kunne. Ya lanƙwasa kunnen hagu da yatsa. Gashin wurin ya tofo fari fat, ya haɗe, babu babba babu ƙarami, babu layi a tsakani. A ƙarƙashinsa kuma tabo ne ƙanana-ƙanana, sababbi da tsofaffi.

"Wane ɗan koyo ne yake maka aski haka?"

"Ni ne. Da reza, a banɗaki. Nan wurin ne hannuna ba ya kaiwa sosai."

"Duk shekarun nan? Masu aski sun ƙare a tsallake?"

"Akwai su, Yaya. Na taɓa shiga wurin wani har na zauna. Da ya ɗauko ƙyalle sai na tashi."

Ciyaman ya ɗauko nasa ƙyallen ya ɗaura masa. Ya kaɗa kumfa ya shafa a bayan kunnen, a hankali, yana kaucewa tabon da bai warke ba. Ya dafa tsakar kan da tafin hannu yadda ya saba. Auta ya ɗaga ido yana kallonsa ta madubi, yana jira a fara darasi.

"Sunkuya," in ji Ciyaman.

Askin bayan kunne ba ya bukatar sunkuyo, su biyun duk sun sani. Auta ya sunkuyar da kai ƙasa sosai, bai kuma ɗago ba har sai da ya ji yayansa ya gama share hawaye da gefen ƙyallen, ya ɗora aska a inda ya tsaya.